Lakar Nicanor

Nicanor ya rasu ranar Alhamis, saura mako uku a fara kakar wasa. Ya ce mini ranar Asabar zai je ɗebo laka, har ya wanke bokitinsa ya kife a bayan ɗaki. Ya tashi daga cin abinci zai sha ruwa, ya faɗi a bakin famfo. Kafin maƙwabta su samo mota ya cika.

Shekara ashirin da shida yana yi wa Masunta aiki, ƙungiyar garinmu ta besbol, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya buga da sanda. Shi ba ɗan wasa ba ne, ƙwallo yake murzawa. Sabuwar ƙwallo idan aka fito da ita daga kwali fara ce fat, ga santsi kamar sabulu, mai jifa ba ya iya riƙe ta yadda yake so. Sai an shafa mata laka kaɗan, an murza da tafin hannu har ƙyallin ya mutu. Dozin shida yake yi kowace ranar wasa. Lakar kuma ba kowace ba. Duk shekara a watan Satumba yakan hau kekensa da sassafe ya yi hanyar kogi, sai la'asar ya dawo da bokiti cike. Bai taɓa gaya wa kowa wurin ba. Ni ma na taɓa tambaya, ya ce, "Viya, ke da bakin nan naki? Gobe duk unguwa na can da bokiti."

Ɗanmu Eladio, da ake kira Layo, yana cikin masu jifa na ƙungiyar. Bahago ne. Shekararsa talatin da huɗu a lokacin, a wannan sana'a kuwa ya tsufa ke nan. Ya yi shekara bakwai a ƙananan ƙungiyoyin Amurka bai kai ga manya ba, ya yi Meziko, ya dawo gida. Masunta ce kaɗai ta rage da ke kiran sunansa. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu, kuma bai iya komai ba sai jifa, don tun yana ɗan sha shida muka bar shi ya ajiye makaranta saboda hannun nan.

Ranar da muka gama addu'ar kwana tara, bayan an kwashe kujeru, ya zauna kusa da ni ya ce manaja ya yi masa magana. A farkon Nuwamba samarin da ke wasa a Amurka za su dawo, dole a buɗe musu wuri. Duk wanda bai nuna komai ba kafin nan, za a cire sunansa.

"Wasa nawa ke nan?" na ce.

"Sha biyar, Mama. Ni kuma ba kullum ake sa ni ba."

Ina cikin baƙaƙen kaya, gidan da aka yi rashi kuwa ba a kunna rediyo. Na lulluɓe na Nicanor da tawul. Amma kantin da ke fuskantar gidanmu yana da talabijin, maza na taruwa da giyarsu tun rana ba ta faɗi ba, bangona kuma katako ne. Da ihunsu na koyi bin wasan. Idan suka ja "eee" mai tsawo ta yanke, ƙwallo ce ta tashi aka cafe. Idan aka daki teburi, an ci mu. Idan aka yi shiru sannan wani ya yi dariya, Layo ne ya hau tudun jifa.

Wasan farko an ci mu tara da biyu. Na biyu ban tuna ba, an dai ci mu. A na uku aka sa shi.

"Ga tsoho nan ya fito! A miƙo masa kujera!"

"Kai, rufe mana baki, Doña Viya na ji."

"To ni na kashe mata miji? Cewa na yi kakata ma za ta buga wannan jifar, kuma ido ɗaya gare ta."

Ina zaune a bakin gado da carbina, ban ja ko ƙwaya ɗaya ba.

Da safe Brunilda ta shigo da kofi. Ita ce ta riƙe Layo ranar da aka yi masa baftisma, kuma ba ta iya ɓoye labari ba, mai daɗi ko marar daɗi. Ta ce mutum huɗu ya fuskanta. Biyu ya ba su hanya kyauta ba tare da sun buga ba, don jifa huɗu-huɗu ya yi musu duk a karkace. Na uku ya aika ƙwallon bayan katanga har ta faɗa kan motar wani.

"Na huɗun fa?"

"Na huɗun ya tausaya masa, ya buga a hannun mutum."

Biyar a jere aka ci mu kafin mu ci ɗaya. Ba Layo kaɗai ba ne, duk ƙungiyar ce ta lalace. Masu sanda ba sa taɓa komai, masu tsaron fili na sakin ƙwallo kamar an shafa musu mai. A kasuwa ana cewa Masunta sun fita da koma sun dawo da tsohon takalmi. Amma sauran yara ne, suna da baɗi. Nawa ba shi da ita.

Ya zo karin kumallo wata Laraba. Na kirɓa masa ayaba da albasa da soyayyen cuku, yana ci yana kallon kwano.

"Zamewa take yi, Mama," ya ce. "Ina sakinta sai in ga ba ta bi inda na aike ta ba."

"Wa ke murzawa yanzu?"

"Pascasio, mai wankin riguna. Ƙasar ƙarƙashin benci yake ɗiba ya yayyafa mata ruwa."

Daga nan ban ƙara jin abin da ya ce ba. Yana fita na shiga ɗakin ajiya na sauko da gwangwanayen fenti da uban ke zuba laka. Duk sun bushe, sai ɓawo a gindin ɗaya. Na kankare shi da cokali na ƙulle a hankici.

Na je wurin abokan Nicanor na wasan domino a gindin mangwaro. Suka miƙe, suka cire huluna, suka yi mini gaisuwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai kowa ya zama masani. Ɗaya ya ce mashayar shanu ce, ya taɓa ganin keken a can. Ɗaya ya ce ƙarya ne, bayan tsohon injin rake ne. Na ukun ya ce shi dai ya san Nicanor na dawowa da warin gishiri, a duba ƙasa wajen bakin teku.

"Ko kuma wata ce yake da ita a can, lakar hujja ce," in ji na farkon. Ya ga fuskata ya mai da hularsa. "Wasa nake, Doña. Allah ya ji ƙansa."

Brunilda ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba, wai in na nutse wa zai gaya wa mutane. Muka shiga motar haya da bokiti biyu, ni cikin baƙar riga har idon sawu. A mashayar shanu lakar baƙa ce mai wari. A bayan injin rake ja ce, da yashi a ciki. Na san haka ne don na sha ganin Nicanor na ɗora kaɗan a haƙori ya tauna. In ta yi ƙas-ƙas sai ya tofar, ya ce wannan za ta yage fatar ƙwallo. Ni ma haka na yi. Wasu mata na wanki a gefe suka tsaya kallona.

"Baiwar Allah, makoki kike ko yunwa ce?" in ji ɗaya.

"Ke kula da wandon mijinki, ga shi can ruwa na tafiya da shi," in ji Brunilda.

Wuri na uku mun kai shi da ƙafa, ƙarƙashin tsohuwar gadar jirgin rake, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku. Na shiga har gwiwa. Lakar ruwan toka ce, mai laushi kamar man shanu, ba ta yi ƙara a haƙori ba. Na jiƙa ɓawon da ke hankicina na ɗora su gefe da gefe a tafin hannu. Sun yi kama. Na duba ko'ina ko zan ga wata alama tasa, guntun igiya ko inda yake jingine keke. Babu komai. Na tsaya a cikin ruwan ina kiran sunansa a zuci, ya ce mini e ko a'a. Brunilda ta ce in fito, ruwa na ƙaruwa.

A gida na tace ta sau uku da tsohon gidan sauro, yadda yake yi, na bar ta ta kwanta ina tsiyaye ruwan sama. Shi mako uku yake ba ta. Ni kwana huɗu na iya jira. A cikin kwana huɗun an ci mu uku. An sa Layo sau ɗaya, na ji dukan teburi sau biyu kafin a cire shi. Lissafi ya zama mun ci biyu, an ci mu goma.

Wasa na sha uku ya faɗo ranar Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma, da 'yan babban birni. Na fito daga coci na wuce gida na ɗauki gwangwani. Mace mai makoki ba ta zuwa filin wasa, na sani, kuma na san za a yi da ni. A duk zamana da Nicanor sau biyu na taɓa shiga filin nan, hayaniya ba ta yi mini. Mai gadin ƙofar baya ya gane ni, ya buɗe ba tare da tambaya ba.

Ɗakin ƙwallo na ƙarƙashin matakalar 'yan kallo. Kujerar Nicanor na nan, Pascasio na kai, gajere mai tumbi, da kwalayen ƙwallo a gabansa. Ya ga gwangwanin ya ɓata rai.

"Doña Viya, an ce miki ban iya aikina ba ne?"

"Ba wanda ya ce. Gwada wannan kawai."

"Ni fa ba wanda ya koya mini. Mijinki in na leƙo sai ya juya mini baya, kamar zinariya yake ƙirgawa."

Amma ya sa yatsa ya lakato, ya shafa a tafi, ya murza ƙwallo ɗaya. Ya juya ta a haske. Ya murza ta biyu. Ya ci gaba da murzawa har ya cika jakar ƙwallo, dozin shida, ya kai wa alƙalan wasa su duba. Da ya dawo ya ajiye mini kujera a bakin wata ƙofar waya da ke kallon fili daga ƙasa, ya ce in zauna nan ba mai ganina.

Mai jifarmu na farko ya yi kyau ranar. Zagaye ɗaya, biyu, uku, ba a ci mu ba. Ya sauko yana murza yatsunsa, na ji yana ce wa Pascasio, "Kai tumbi, yau ka tuba ke nan?" Zuciyata ta yi sanyi. Sai dai na 'yan birni ma, wani dogon yaro da bai kai ashirin da biyu ba, ba wanda ya taɓa jifarsa. Ƙwallonsa na zuwa kamar za ta daki mutum sai ta karye ta faɗi. Masu sandarmu na kaɗa iska suna dawowa ɗaya bayan ɗaya.

"Su nasu ƙwallayen wa ke murza musu?" na tambayi Pascasio.

"Nasu wane?"

"Waɗanda yaron nan ke jifa da su."

Ya kalle ni, ya fara dariya, sai ya ga da gaske nake.

"Doña, ai jaka ɗaya ce. Alƙali ke miƙa wa kowa daga aljihunsa. Mai masauki ke murzawa, baƙo ya yi jifa da ita, mu ma in mun je can da tasu muke yi."

Shekara ashirin da shida ina wanke wa Nicanor wando mai laka, ina ɗauka wa namu kaɗai yake yi wa. Ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa zaton akwai wanda bai sani ba. Na kalli dogon yaron yana juya lakata a hannunsa yana murmushi.

Har zagaye na takwas cikin tara ba wanda ya ci. Namu ya gaji, ya bar mutum biyu nasu a kan hanya suna jiran su shigo gida su ci maki, manaja ya fito ya ɗaga hannun hagu, alamar a kira bahago. Na ga Layo ya taho da gudu kaɗan-kaɗan daga can ƙarshen fili. A samana mutane suka fara.

"Wayyo, mun shiga uku!"

"Layo, jikokinka na jiranka a gida!"

Ya karɓi ƙwallon ya juya ta. Na ga ya tsaya. Ya kai ta hanci, ya ɗaga kai ya dubi wajen ɗakin ubansa. Ban san ko ya hango ni ba.

Mutumin farko ya kaɗa sanda sau uku bai taɓa ba, aka fitar da shi. Filin ya ɗauki ihu, har waɗanda suka gama zaginsa. Na riƙe wayar ƙofar da hannu biyu. Na biyu ya zo. Jifar farko ta daki ƙasa tun kafin ta isa. Ta biyu ta wuce saman kan mai cafewa, ya bi ta da gudu, mutanen da ke kan hanya suka matsa gaba. Layo ya sauka daga tudun, ya yi kamar yana gyara takalmi. Ya hau ya sake jefawa, a hankali ta tafi, har ni na ga ɗinkinta. Mai sanda ya aika ta tsakiyar fili, mutum biyu suka shigo gida.

Manaja ya fito. Layo ya miƙa masa ƙwallon da hannun dama. Hagun na rataye a gefensa, bai motsa shi ba har ya shige. An ci mu biyu da babu.

Ban jira shi ba. Na bar gwangwanin na koma gida da ƙafa.

Washegari da hantsi ya zo. Na zuba masa kofi, ya ɗauka da dama.

"Ke ce, ko? Pascasio ya gaya mini. Har kogi kika je?"

"Ita ce ta babanka?"

"Ban sani ba, Mama. Ta yi kyau. Kowa ya ce ta yi kyau."

"To me ya faru? Ka ce zamewa take yi."

Ya ajiye kofin, ya ɗora hannun hagu a teburi, ya naɗe riga. Gwiwar hannun ta kumbura kamar an cusa lemo a ciki. Ya ce in tsunkuli ƙaramin yatsansa da na kusa da shi. Na tsunkula. Ya ce in ƙara. Na sa farce har ya yi shaida.

"Ba na ji," ya ce. "Tun Meziko. Ba ƙarya na yi miki ba, zamewa take yi."

Ya ce uban ya sani. Bara duk ranar wasa yakan rufe ɗakin ƙwallo, ya sa masa hannun a bokitin ƙanƙara, ya murza masa da man kafur, ya ɗaure, kada likitan ƙungiya ya gani. Shi ya sa ba ya barin kowa ya leƙo. Su biyu suka riƙe abin, ni ina gida ina dafa musu wake.

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Me za ki yi?"

Na ce zan je in ga manajan, na san uwarsa, tare muka yi aikin ɗinki. Ya ce kar in je. Na ce akwai likita a babban birni da ake cewa yana gyara irin wannan. Ya ce akwai, ana yanka, a yi shekara da rabi ana jinya, kuma ba wanda ke jiran mai shekara talatin da shida.

Na je duk da haka, ranar Talata. Manajan ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, ya yi ta yabon Nicanor. Ya ce Layo ɗa ne a wurinsa. Ya ce shi ma in aka ƙara cin su uku ba shi da tabbas a kan nasa aikin. Na ce a ba shi wasa ɗaya kawai. Ya ce, "Doña, ko na ba shi, da wane hannu?" Ashe likitan ya riga ya duba shi bayan wasan Lahadi. Sun cire sunansa, ba su ma jira wasa na sha biyar ba.

Da la'asar Layo ya shigo da jakarsa a kafaɗar dama, takalman jifa na rataye a jiki. Bai wuce gidansa ba tukuna, ya ce bai san yadda zai fara gaya wa matarsa ba, ga yaran sun dawo daga makaranta. Ya ajiye jakar a bayan ƙofa. Rana ta yi zafi, rigarsa ta jiƙe ta manne a baya. Ya ce zai watsa ruwa. Ya kama wuyan rigar da hannu ɗaya ya ja, ta maƙale a kafaɗa. Ya sake ja, ya tsaya da kai a ciki.

"Mama," ya ce daga cikin rigar, "zo ki cire mini."

Ya fi ni tsawo sosai, sai da ya durƙusa. Na fara zare hannun dama, sannan kai, sannan na bi da rigar a hankali ta kan hagun don kada in taɓa kumburin. Ya tashi ya shiga banɗaki. Na tsaya da rigar a hannu ina jin ruwa na zuba, ya daɗe bai fito ba.